Ƙuri'ar Mama

Ta sake ƙwanƙwasa wata ƙofar, ta tsaya tana haki, don benen otal ɗin ba a yi shi domin masu ciwon gwiwa ba.

Nan aka tara wakilan jam'iyya, gobe za su fitar da wanda zai tsaya takarar shugaban ƙasa. Kowa ya san inda aka dosa. Hoton Gwamna har a jikin kwandon shara. Ita kuwa tsohuwar nan da kowa ke kira Mama, ta maƙala a mayafinta baje mai hoton Farfesa, wani dattijo da ya baro jami'a ya faɗo siyasa da tsohuwar mota da jawaban da ba mai saurare.

Wanda ya buɗe ƙofar yana ganinta ya zube ƙasa yana gaisuwa. Da idonsa ya kai kan bajen, sai gaisuwar ta maƙale.

"Mama, ke kuma? Da kanki?"

"Da kaina, ɗan nan. Ƙuri'arka nake roƙo, ka ba Farfesa."

Ya yi dariyar yaƙe, ya sosa ƙeya, ya ce zai duba. Haka duk suke cewa. Tana juya baya ta ji ana raɗa a ɗakin, wai tsufa ne, a yi mata uzuri.

Ba tsufa ba ne. Kuma maganar gaskiya, manufofin Farfesa ba su dame ta ba. In ka tsare ta, ko biyu ba za ta kawo maka ba. Ɗanta take so ya dawo gida.

Siyasa ce ta ɗauke mata Auta. Yayyensa mata duk suna gidajen aurensu can nesa, mahaifinsu ya daɗe a ƙasa, shi kaɗai ne mai leƙo ta. A da, komai yawan aikinsa, sai ya shigo ya zauna bakin gadonta, ya suɗe abin da ta rage a kwano, ya yi mata tsiyar rediyonta mai tari kamar tsohon ɗan sigari. Sannu a hankali zuwa ya koma aike. Yanzu yana can cikin jerin gwanon motocin Gwamna, yau gabas, gobe yamma. In ta kira wayarsa, wani ƙato ne ke ɗauka: "Yana taro, Mama, zai kira." Ba ya kira. Buhuna dai ba su fasa zuwa ba, firji har ba ya rufuwa, amma ina aka taɓa hira da buhu? Daga ita sai mai aikinta, sai ɗakuna a kulle.

Sai ta zauna ta yi irin tunanin wanda ba shi da abokin shawara. In Gwamna ya ci, an gama: daga yaƙin neman zaɓe sai fadar shugaban ƙasa, inda ko uwa sai an ba ta izini kafin ta ga ɗanta. Ga shi likita ya riga ya faɗa mata abin da ya faɗa game da zuciyarta, ba ta da shekarun jira. In kuwa Gwamna ya faɗi, kafin ka ce kwabo motoci sun watse, 'yan fadanci sun bi inda maiƙo yake, Auta ba shi da wurin kai baƙin cikinsa sai ɗakinta.

Kujerar wakilci dama an ba ta ita ne don girmamawa. Ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye ta wa za ta zaɓa.

Ɗakin Farfesa yana can ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye tsintsiya. Ta same shi shi kaɗai, yana goge rigar da zai sa gobe. Ya miƙe da sauri har ya kusa ƙona hannu.

"Hajiya, wannan alheri naki kunya yake ba ni. Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Kai dai ka ci."

Ya dube ta kamar zai tambayi dalili, sai ya fasa. Suka sha shayi tare, tsofaffi biyu da ba wanda ke nema.

Washegari filin taro ya cika maƙil. Aka ja ta zuwa sahun gaba, ta ƙi cire bajen, masu tsaro suka yi ta kallon juna. Da aka kira layinsu ta dogara sandarta, ta rubuta sunan Farfesa, ta jefa. Ta koma kujerarta tana roƙon Allah abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba, tana roƙo tana neman gafara.

Ƙirga bai ɗauki lokaci ba. Ƙuri'un Farfesa ko tafin hannu ba su cika ba. Da aka ambaci Gwamna, wurin ya kaure da ganguna da ihu, mata na rungumar juna, wasu ma har da zuwa yi mata barka. Ita dai tana zaune, hawaye na bin kuncinta, suka ɗauka na murna ne.

Gwamna ya sauko daga dandamali, masu ɗaukar hoto na biye da shi, ya ratso sahu har gabanta. Ya durƙusa. Ya rame, ta lura, kuma da gani ba ya samun barci.

"Mama," ya ce, "addu'arki ce."

Ta miƙa hannu za ta dafa kansa, sai masu tsaro suka ɗaga shi, wai 'yan jarida na jira. Haka tana ji tana gani suka tafi mata da shi, Autanta.