Warin Albasa

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aiki ya maido Abdulwahab daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Bai san kowa ba, a ofis yake kwana. Ran Asabar ya nufo Aliero, ya iske tsohuwar budurwarsa Husna a zauren gidansu tana yankan albasa.

"Husna, kaɗaici ya ishe ni. Ki aure ni."

Ba ta ɗago ba.

"Ba kai na kac ce ma abokanka warin albasa nika yi ba?"

Idanunsa suka ciko.

"Kuka kaka yi, Malam?"

"A'a, albasa ta."

"Ni ma haka nic ce ma Inna randa kat tafi." Ta miƙa masa wuƙar. "Ƙarasa min. Dangin Gado nika dafa ma, yau za su kawo sadakina."