Zoben da Ya Ɓace Tsakanin Ɗauka Biyu

Ɗalibai sun cika ɗakin tace fim, malamin kyamara yana nuna musu yadda ake haɗa ɗauka biyu ba tare da ido ya ga ɗinkin ba. Malamar tacewa ce a allon, don ita ta zauna musu gwaji, wancan makon da kuma jiya.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, akwai kuskure! Da ta ɗauki kofi da zobe a hannunta, da ta ajiye babu. Ko cikin shayin ya faɗa?"

Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa Malama, can baya, ta cusa hannunta cikin mayafi. Zoben alkawarin aure ne da malamin kyamarar ya ba ta. Tana ta neman bakin faɗa masa ta cire shi, ga shi na'ura ta riga ta.

Ya daɗe yana kallon allon. "In haka ta faru," ya ce a hankali, "ku saka fuskar mai sauraro a tsakani, mai kallo ba zai lura ba. Ku je ku gwada."

Da suka watse bai juyo ba.

"Mantawa kika yi, Malama?"

"A'a." Ta fito da hannun daga mayafi. "Baban yarana ya nemi a mayar da aurenmu. Ƙaramin kullum sai ya tambaye ni shi. Na amsa."

Ya kashe allon, ya shafa fuskarsa.

"Ki yafe mini. Da na sani, da ban haska shi gaban yara ba."

Da faɗa ya rufe ta da shi, da ya fi mata sauƙi.