Ɓarawon Kafa Ta Tara

Sati uku ke nan intanet ɗin cibiyar jarrabawar kwamfuta ta Alhaji Jibirin da ke Kabo tana jan ciki. Jibi masu dubawa za su zo, kuma in suka tarar da ita haka, an rufe cibiyar ke nan.

Alhaji bai san komai a kwamfuta ba, amma a ganinsa babu wanda ya fi shi sanin mutum. Ko yana gonarsa a Madadi, ido na kan waya, ya san wanda ya makara da wanda ya yi gyangyaɗi. Ya kuma riga ya san mai shanye masa intanet: Nasir, mai kula da ɗakin jarrabawa, wanda ya taɓa yi masa gyara a gaban mutane. Takardar kora tana aljihu, shaida kawai ake jira.

Sai ya ɗauko injiniya Kamila daga Gwarzo. Ta buɗe suwic, akwatin nan da wayoyin kwamfutoci duka ke haɗuwa, kowace da kafarta. Ta jona laftof ɗinta a kafar da ba kowa, ta saita akwatin ya riƙa kwafo mata duk abin da ke wucewa ta sauran.

Kafin la'asar ta ɗago kai.

"Alhaji, kafa ta tara ce. Ba sauke kaya take ba, aikawa take waje, ba tsayawa. Ko da aka fita azahar ba ta huta ba."

"Kun ji ko?" Alhaji ya juya ga ma'aikata, daɗi har kunne. "Ɓarawo, kuma ko salla ba ya yi!"

Nasir ya ce ai sahu ɗaya suka tsaya. Alhaji ya ce shi bai gan shi ba. Nan take ya yi wa'azin amana mai ratsa jiki, ya rantse ko ɗan cikinsa ne a ƙarshen wayar nan, yau zai bar gidan.

Kamila ta kama wayar kafa ta tara tana bi, jama'a na biye. Ta fita baranda, ta shiga ɗakin jarrabawa, ta miƙe tiryan-tiryan zuwa teburin Nasir. Bawan Allah nan ya tuna matarsa da tsohon ciki. Alhaji ya zaro takarda yana warware ta a hankali, don kowa ya more kallo.

Amma wayar ba ta tsaya a teburin ba. Ta bi bayan labule ta haura bango. Kamila ta taka kujera, ta ɗaga silin, ta zaro kyamarar da Alhaji ya sa aka ɓoye saman kan Nasir sati uku da suka wuce, tana ta aika hoto zuwa wayar hannun Alhajin.