Ƙwallo a Aljihu

Tun da aka ƙera ƙwallo mai magana na hoki, wasan da ake bugawa da sanda, duk laifin da alƙalin wasa bai gani ba, ƙwallo ake tambaya, kuma wadda ya ambata an kore ta har baɗi.

Ran Asabar, Malama Ladidi mai usur, alƙaliyar wasan, tana ɗaure takalmi sai ta ji ihu. Ga Barira a ƙasa, riƙe da ƙauri. Ladidi ta cusa ƙwallon a aljihu.

"To 'yan mata, wa ya doke ta?"

Kande ta saci kallon ƙanwarta da ke tsaye kan Barira tana ɓoye sandarta a baya, ta ɗaga sanda. "Ni ce, Malama. Barira, yi haƙuri."

Barira ta tashi tana dariya, suka rungume juna.

Daga aljihu wata 'yar murya ta ce, "Ba Kande ba ce."

Ladidi ta danne aljihun da hannu, ranta fes. "Ku kawo mana tsohon ƙwallon nan na roba!"