Kwamfutar Kwamiti

Malam Maharazu ya dire kwamfutar a kan teburin Sagir, ya karkaɗe rigarsa, ya ce wani bawan Allah ne ya bai wa kwamiti ita sadaka. Bai ce sannu da aiki ba. Da wuya mutum ya gaida wanda yake shirin rufe wa shago ranar Juma'a.

Shekarar 2010 ce. Malam Maharazu shi ne shugaban kwamitin gyaran tarbiyya na unguwarsu a Daura, kuma abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Ɗan Lungu. Ba wanda ya taɓa ganin mawaƙin. Muryarsa ma an murɗe ta da na'ura, ta yi kauri kamar ta bijimi. Amma waƙoƙinsa sun bi wayoyin 'yan acaɓa har Mashi da Dutsi, kuma duk a kan Malam suke: minsharinsa, rinin gemunsa, yadda yake zuba sukari a miyar kuka.

Sagir kaɗai ya iya kwamfuta a unguwar, don haka kwamiti ya yanke cewa shi ne Ɗan Lungu. Kuma da yake shi kaɗai ya iya, shi aka kawo wa na'urar da za a buga takardar rufe shagonsa da ita.

Malam ya gindaya sharaɗi: ban da manhajar sata, haramun ce. Sai Sagir ya ɗauko Linux, wadda kyauta ce. Na'urar ta tsufa, dole ya harhaɗa mata kanel, wato zuciyar manhajar, daidai ƙarfinta. Allo ya yi shuɗi, zaɓuɓɓuka suka jeru. Ya cire abin da ba a buƙata, ya bar na dole, har ya iso kan ext3, tsarin da zai riƙa ajiye fayiloli.

Nan ya tsaya. Tsarin yana da wata 'yar rajista da yake shigar da aikin da ke gabansa, don in wuta ta ɗauke ya gane inda ya kwana. Tambayar da ke kan allo ɗaya ce: a tilasta masa ya zuba abin da ke cikin fayil tukuna kafin ya shigar a rajista cewa fayil ya samu, ko a bar shi ya shigar, ya zuba daga baya?

"Allah gafarta Malam, na farkon ya fi aminci, na biyun ya fi sauri."

"Mai saurin."

"In wuta ta ɗauke ana cikin ajiya, sabon fayil zai iya fitowa da tsohon abin da aka goge a wurin. Gogewa cire suna ce kawai, kayan suna nan kwance."

"Kai Sagiru, mai ita tsoron Allah gare shi. Ba abin da ke ciki sai wa'azi. Sa mai saurin, ina da ɗaurin aure."

Sagir ya cire alamar daga akwatin zaɓin da ke kan allo, ya bar mai saurin. A rayuwarsa bai taɓa yi wa babba gardama sau biyu ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna a zauren Malam. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru, an sa Sagir daga bakin ƙofa kusa da takalma. Daga cikin gida aka aiko da kunun zaƙi. Amadu sakatare ya buga takardar da yatsa ɗaya, Malam yana yi masa shifta, yana ƙara "ba tare da ɓata lokaci ba" duk inda ya ga fili. Amadu ya danna ajiya. Fanka ta yi wani nishi ta tsaya, wuta ta ɗauke.

Aka tayar da janareta. Na'urar ta farfaɗo cikin hanzari, Malam ya kalli Sagir da ido irin na wanda zaɓinsa ya yi daidai. Fayil yana nan da sunansa. Malam ya ce a karanta wa jama'a, da ƙarfi.

Amadu mutum ne mai bin umarni. Ya karanta layi huɗu kafin kunnensa ya ji abin da bakinsa yake faɗa.

Baiti ne. Salon Ɗan Lungu ne sak, amma ba wanda ya taɓa jin wannan. Yana bayanin inda katunan waya masu waƙoƙi da kwamiti yake ƙwacewa suke ƙarewa: a cikin gwangwanin madara, a ƙarƙashin katifar shugaba. Yana bayanin yadda shugaba yake kulle ɗaki bayan azahar, ya rage sauti, ya cire hula, babban yatsan ƙafarsa na hagu yana bin kiɗa.

Wani dattijo ya shaƙe da kunu. Wani ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Duk zauren, ba tare da shawara ba, ya kalli ƙafar Malam ta hagu. Malam ya janye ta cikin babbar riga.

Mataimakin shugaba ya miƙe. Ya ce ga hujja ta fito, yaron nan ne ya dasa, a rufe shagon yau ba sai gobe ba. Sagir ya buɗe baki zai rantse.

Malam Maharazu ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallon labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, zato zunubi ne, yaron nan ba shi da laifi, a bar masa shagonsa. Ya shafa fatiha tun kafin kowa ya ɗaga hannu.

Dattawa suka fita suna yaba sauƙin kansa. Sagir ya nemi takalminsa, bai gane komai ba.

Malam ya zauna shi kaɗai a gaban na'urar. Ba wani bawan Allah da ya ba da ita. Shi da kansa ya ɗauko ta daga ɗakin matarsa Haulatu, wadda ya saya wa ita a gwanjo shekara biyu da suka wuce don ta riƙa sauraron wa'azi.