Sunan Da Ya Ƙi Fitowa

"Wace ce ni?" Na'ima ta sake tambayar mijinta.

Maliki ya buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Wata biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Likita ya ce kalmomi a ƙwaƙwalwa ƙulle suke da juna kamar raga, in an taɓa ta kusa, wadda ta ɓace za ta biyo. Na'ima ta nuna masa hoton aurensu. Ta fesa turaren da ya sayo mata a Kasuwar Barci. Duk a banza.

Tana cikin lallashinsa, ƙauri ya taso daga kicin.

"Na'ima! Kin sake ƙona shinkafa!" in ji Maliki.

Ta dube shi.

"Shekara ashirin, Baban Aziza, ashe nan ka ajiye ni?"