Sulhun Tela da Mai Aski

Auta na kwance a dandalin wasan kwaikwayo na makaranta, ta yi mutuwar ƙarya, ido ɗaya a buɗe tana leƙen 'yan kallo. Dogo ya durƙusa a gefenta, ya kwankwaɗe kwalbar guba, wato ruwan shayi, ya zube rijif.

Ita ta ƙulla wannan wasa na masoya biyu da gabar iyaye ta hallaka. Shekara bakwai babanta mai aski da baban Dogo tela ba sa ga-maciji, saboda gashin da iska ke kwasowa zuwa shagon ɗinki. Ko gaisuwa an hana yaran. Lissafinta, in tsofaffin suka ga gawa biyu, zuciyarsu za ta karaya.

Ta kuwa karaya. Mai aski ya fashe da kuka, tela ya miƙa masa ƙyalle, suka rungume juna.

A bakin ƙofa yaran suka iske su suna hira.

"'Yarka akwai basira," in ji tela.

"Ga ƙwazo! Kullum huɗu zuwa shida tana gidan malamar lissafi."

"Malamar da ta ƙaura tun bara? Ni na ɗinka mata labulen sabon gida. Huɗu zuwa shida kuma ai lokacin ƙwallon ɗana ne."

"Wane ƙwallo, maƙwabci? Filin da aka mai da gareji?"

Iyayen suka juyo a tare.

Auta ta rufe ido, ta sake zubewa. Wannan karon ba wanda ya yi kuka.